Gidan Umma a Matmata

Safakis, 9 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Munji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Warda da yara, ka gaishe min da Umma, ka sumbaci goshinta a madadina. Mu nan lafiya lau, maigidana Tijani yana gaishe ku.

Ka duba cikin ambulan ɗin, akwai kati. Wata abokiyar aikina ce ta sayo shi a Jerba, ta kawo ɗakin malamai tana nunawa. Ta ce, "Ku ga ikon Allah, har yanzu akwai masu kwana a rami. Naziha, ba can wajenku ba ne?" Na karɓa na duba. Tsakar gidanmu ce, ga ƙofar ɗakin Baba, ga kifin da Umma take zanawa a bango da shuɗi. Ga ita kanta zaune a ƙasa tana juya dutsen niƙa, an ɗauko fuskarta kusa har ana iya ƙirga layukan jarfar haɓarta. A ƙasa an rubuta da Faransanci: matar kogo, Matmata. Na ce wa matar nan ban san tsohuwar ba. Ka ji abin da ka sa na yi? Na yi musun uwata a gaban mutum bakwai, na shiga bayi na yi kuka, na wanke fuska na je na koyar da lissafi.

Bara ka ce min kana kawo Turawa gidan, shayi kawai ake ba su, su leƙa ɗakuna su tafi. Ba ka ce min uwarmu ce kayan kallon ba. Na san ta ƙi barin gidan da kakanmu ya haƙa a cikin ƙasa da hannunsa, na san ba wanda ya isa ya mayar da ita gidan bulo na Sabuwar Matmata inda kake zaune da wuta da famfo. Amma ƙin tashi daban, zama abin ɗaukar hoto daban. Ta haura saba'in, Munji. Matar da Baba bai taɓa barin baƙo namiji ya wuce bakin mashigi saboda ita ba, yau fuskarta ce a kanti tsakanin hoton raƙumi da na bakin teku.

Ka daina. Ba shawara nake ba ka ba. Ka rubuto min kafin Babbar Sallah ka ce ka daina.

Wassalam.
Yayarka,
Naziha


Matmata, 24 ga Maris

Zuwa ga Yaya Naziha, babbar malama,

Wa alaikumus salam. Ranki ya daɗe, takardarki ta iso da zafinta, sai da na ajiye ta ta huce. Muna lafiya. Warda tana gaishe ki, a gaishe da Si Tijani.

Katin nan ba ni na buga shi ba, wani mai hoto ne da ban ma san ranar da ya zo ba. Na nuna wa Umma. Ta daɗe tana matso shi kusa da ido, sannan ta ce, "Wace ce wannan mummunar?" Na ce ita ce. Ta ce, "To da sun faɗa min da na sa jan mayafina." Ta soke shi a bango kusa da madubi.

Bari in faɗa miki yadda abin yake, tunda rabonki da nan shekara uku. In kasuwa ta yi kyau safa huɗu ke tsayawa a rana. Su taso daga otal-otal ɗin Jerba da safe, minti ashirin a wajenmu, sai Duz su hau raƙuma su ga yashi, gobe su tsallaka tafkin gishiri su koma teku. Mu tasha ce kawai tsakanin ruwa da raƙumi. Su sauko ta mashigi, su tsaya a tsakar gida su ɗaga kai su ga sama ta bakin ramin, su ce wayyo kyau. Umma ta ba su gurasa da man zaitun da zuma, ta juya dutse, su ajiye abin da suka ajiye a faranti. Jagoransu Si Fauzi ya ɗebi nasa a waje, shi ke nan.

Kina ganin kamar ɗaure ta nake. Shekaranjiya wani ƙaton Bajamushe ya shigo da gajeren wando, cinyoyi ja wur. Umma ta washe masa baki ta ce da harshenmu, "Sannu da zuwa, ɗan marasa sutura. Uwarka ba ta da zanen da za ta ara maka?" Mutumin ya dafa ƙirji yana godiya. Ta ƙara masa zuma ta ce, "Ci, ci, ko ka samu kuɗin sauran wandon." Sai da na fita waje na yi dariya. Tun rasuwar Baba ban ga tana magana da yawa kamar yanzu ba.

Ke aka bari kika yi makaranta, ni aka cire ina ɗan sha biyar, na shekara tara ina ɗaukar akwatunan waɗannan mutanen a Jerba. Zaitun ɗinmu shekara uku bai yi abin kirki ba. Yanzu akwatunan sun biyo ni gida, ni ne mai buɗe ƙofa, sai ki ce in rufe saboda an ba ki kunya a ɗakin malamai. Kunyar taki ce, Yaya, ba ta Umma ba. Kuma ba ni na ce ki yi musunta ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ki: idonta na dama ya yi yana, tana zuba shayi a gefen kofi. In kin san likita a can, ki faɗa min.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki,
Munji


Safakis, 28 ga Agusta

Munji,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. An yi wa Umma aikin ido ranar sha biyu, an cire bandeji, tana gani, alhamdu lillahi. Ina sa mata magani sau huɗu a rana.

Da na zo ɗaukarta a hutun nan mun yi da kai mako uku za ta yi. Na fasa. Umma ba za ta dawo ba muddin gidan yana buɗe ga 'yan yawon buɗe ido, kuma gara ka ji daga bakina.

Kwana huɗu na yi a can, na ga abin da kake kira tasha. Na ga wata Baturiya ta tsuguna ta kama haɓar Umma tana gogawa da yatsa don ta ga ko jarfar za ta fita. Na ga wani ya kwanta a gadon Baba da takalminsa, matarsa tana ɗaukarsa hoto. Na ga sun buɗe akwatin aurenta suna ɗaga kayan ciki. Da na yi magana, Si Fauzi naka ya ce min, "Hajiya, ki ɗan matsa, kina shiga hoto, kayanki na birni ne." A tsakar gidan da aka binne cibiyata. Kai kuma kana tsaye da tire kana murmushi.

Kuma sha'irin nan da take niƙawa, na lura. Mudu ɗaya ne tun safe. In safa ta tafi ta tsaya, in ta ji ƙarar wata a sama ta gyara mayafi ta koma juyawa. Na tambaye ta, ta ce, "To me zan yi da gari buhu guda, ni kaɗai?" Kafaɗarta ta dama ba ta ɗaguwa, likita ya gani ya tambaye ni wane aiki take yi. Na ce masa aikin gida.

Ka ce tana zaginsu tana dariya. Na ji. Wanda ba shi da yadda zai yi ne yake zagin mutum da harshen da ba ya ji.

Nan tana da ɗaki da taga da gado, ga bayi a ciki. Ba ta saba ba tukuna. Ta ƙi gadon, a ƙasa take shimfiɗa, ta ce bene na uku ba wurin kwanan ɗan Adam ba ne, na tantabara ne. Wai zafi ya yi yawa, wai bangon ba ya numfashi. Kullum zancen gidan take, surutun tsufa dai. Za ta saba. Tijani yana sayo mata kifi, yara suna sonta.

Ka ci gaba da kasuwarka in ka ga dama, amma ba da uwata ba.

Wassalam.
Naziha


Matmata, 20 ga Satumba

Yaya Naziha,

Wa alaikumus salam. Na gode Allah da idon ya buɗe, na gode miki da ɗawainiya. Wannan kam kin yi, ba zan hana ki ba.

Sauran kuwa, kin ɗauke ta da sunan magani kin riƙe ta. Da kin faɗa min a fuska da na fi ganin girmanki. Ba zan zo in yi rigima a gidan mijinki ba, amma ita kin tambaye ta? Ko ke ma kin yanke mata ne, kamar yadda kika ce ina yi?

Ga abin da kika jawo. Mako biyu da tafiyarku Si Fauzi ya ja ni gefe ya ce, "Munji, rami ba tsohuwa rami ne kawai. Akwai gida goma a hanyar nan, kowanne da tsohuwarsa." Warda ta ce ita ko za a yanka ta ba za ta zauna a gaban dutse ba, kuma ma yarinya ce, ba ita suke nema ba. Sai na ɗauko Jaziya, matar marigayi mai yin tandu. Ba ta da jarfa, da kwalli take zanawa kowace safiya. In Turawa suka tambaya ko uwata ce, ina cewa e. Kin yi musunta a Safakis, ni na canza ta a Matmata, kin ga mun yi kunnen doki.

Na kuma gyara gidan don kada su gudu. Farar ƙasar nan da Umma take shafawa duk shekara tana ɓata musu riga, sai na sa aka shafe ɗakunan gabas da siminti aka yi fenti. Sun yi fes, kamar otal. Na baje filin da ke bayan bakin ramin, yanzu safa tana zuwa har saman ɗakuna ta tsaya, tsofaffinsu ba sa tafiya a rana. Si Fauzi ya yaba.

Amma akwai abin da ya ɗan tsaya min a rai, shi ya sa ma na zauna rubutun nan. A rumbu, ɗakin hatsi na sama da muke hawa da igiya, kullum da safe ina tarar da yashi a ƙasa, kamar cikin tafin hannu. In share, gobe ya dawo. Kuma simintin ɗakin Baba ya yi wani duhu a kusurwa, in na dafa sanyi. Kin san ni ban tashi a gidan nan da hankalina ba, Umma ce ta san shi. Ina tuna duk kaka kafin ruwa takan hau sama ba takalmi ta yi ta zagaye, ta shiga ɗakuna tana ƙwanƙwasa rufi da taɓarya tana kasa kunne. Ban taɓa tambayar me take nema ba, na ɗauka irin abubuwansu ne na da.

Don Allah ki karanta mata wannan wurin. Ki tambaye ta me yashin yake nufi, da abin da ya kamata in yi kafin ruwan Oktoba. In ta ba da saƙo ki rubuto min yadda ta faɗa. Faɗanmu daban, gidan daban.

A gaishe da Si Tijani da yara. Ki ce wa Umma kajinta suna nan, baƙar ta yi ƙyanƙyasa.

Ƙanenki,
Munji


Safakis, 4 ga Oktoba

Munji,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso. Umma tana lafiya, tana gaishe ka da Warda da yara. Ban da gaisuwa ba ta ba da wani saƙo ba.

Tunda ka samu sabuwar uwa mai kwalli, ka tambaye ta zancen yashi. Gidan da ka mayar kanti, kai za ka san yadda ake gyara shi. Kada ka ƙara sa ni tayar wa tsohuwa hankali, yanzu ta fara cin abinci sosai.

Wassalam.
Naziha


Matmata, 12 ga Nuwamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, kuma kada ki karanta a gabanta. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji rauni. Gidan ne ya tafi.

Ruwa ya tsuge ranar Litinin, bai ɗauke ba sai Alhamis. Ranar Laraba na je tun safe, na tarar ruwan da ke gangarowa daga tudu bai bi inda ya saba bi ba. Filin da na baje wa motoci ya tare shi, ya taru a saman ɗakunan gabas kamar tafki. Jaziya ba ta zo ba saboda ruwan, Allah ya tsare ta. Ina tsakar gida ina kwashe ruwa da bokiti, bayan azahar, sai na ji kamar an sauke buhu a rumbu. Na ɗaga kai. Simintin bakin ɗakin Baba ya ɓare gaba ɗaya ya faɗo, ƙasar da ke bayansa jiƙe sharkaf kamar ƙullu. Ashe tun tuni take jiƙe, fenti ne ya rufe min ido. Na yar da bokitin na ruga mashigi. Rumbu ya rufta cikin ɗakin Baba, ɗakin Baba ya ja na Umma. Ban kai waje ba aka gama.

Akwatinta, da masaƙarta, da gadon Baba, da tulunan mai, duk suna ƙarƙashin ƙasar da ta fi tsayin mutum uku. Bangon da ya rage ya tsage har sama. Mutanen hukuma sun zo sun ɗaura igiya sun ce kada kowa ya shiga. Kaji kawai na fitar.

Tsoho Sasi maƙwabcinmu ya zo ya tsaya a bakin ramin, ya ɗauki gutsuren siminti ya jujjuya. Ya kira ni da sunan Umma ya ce, "Ɗan Mbarka, wa ya ba ka wannan shawara?" Na ce ba kowa. Ya ce, "Na ga alama." Ya ce tun da ya ga safa a saman ɗakuna ya so ya yi magana, sai ya ce a ransa ai Umma za ta faɗa min.

Ranar Asabar rana ta fito, safa ta zo. Si Fauzi bai ma sauko ba. Ya zuge gilashi ya ce, "Allah ya mayar da alheri, Munji," ya ce wa direba su ƙarasa gidan gaba. Wata mata a kujerar baya ta ɗauki hoton ramin da ni a tsaye a bakinsa. Shekara uku ina ba mutanen nan shayi.

Gidan da ya wuce shekara ɗari, ya ga ruwan da ya fi wannan, wata uku kacal ya yi a hannuna. Ba sai kin faɗa min ba, na sani. Abin da ban gane ba shi ne shirun Umma. Macen da in ɓera ya haƙa rami a saman ɗakinta ba ta iya cin abinci sai ta toshe, a ce an karanta mata zancen yashi ta ce a gaishe ni kawai? Ko fushi take da ni saboda Jaziya? In haka ne ta hukunta ni da abin da ya fi ƙarfin laifina, kuma ta haɗa da kanta.

Ban san yadda za a faɗa mata ba. Ke kike kusa.

Munji


Safakis, 25 ga Nuwamba

Ƙanena Munji,

Assalamu alaikum. Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Takardu uku ne a cikin ambulan ɗin nan ban da wannan, duk rubutuna ne, maganar Umma ce. Ka duba kwanan watansu.

Umma ba ta yi shiru ba. Ranar da takardarka ta Satumba ta zo na karanta mata, kuma ba don Allah na karanta ba. So nake ta ji ka sa wata a wurinta, gidan ya fita daga ranta. Da na kai zancen Jaziya sai ta ce, "Bar ta ta ci abinci, marainiyar Allah." Da na kai siminti ta miƙe zaune. "Me kika ce? Maimaita." Da na kai yashi ta kama hannuna har ya yi min zafi. Ta ce, "Ɗauko alƙalami."

Ga ta farko, za ka gani da idonka, amma bari in maimaita don ni ma in sake ji. "Ki ce masa ni ce. Simintin nan ya fasa shi yau, ba gobe ba. Ƙasa tana gumi kamar mutum, farar ƙasa tana barin gumin ya fita, siminti tsare shi yake. Motoci su koma bakin hanya, saman ɗaki abin da ya fi jaki nauyi ba ya hawa. Hanyar ruwan da ta bi ta bayan ɓaure ya sake haƙa ta, zurfin gwiwa. Ya hau sama da sassafe ba takalmi, inda ƙafarsa ta ji laushi ya tone ya cika da yumɓu da ƙaiƙayi ya daddaɓe. Yashi a rumbu kuwa, ya fitar da kaya, ya tokare rufin da kututturen dabino biyu. In bai gane ba ya kira Sasi, wawa ne amma wannan ya sani."

Na rubuta, na naɗe, na sa a aljihun tebur. Na aiko maka da waccan gajeruwar. Bayan mako biyu ta ga hadari ta taga ta sa na rubuta ta biyu, sannan ta uku, a cikinta har tana roƙonka ka zo ka ɗauke ta kwana biyu kawai ta gwada maka. Duk ranar da mai kawo wasiƙu ya zo sai ta tambaya. Na ce mata ka amsa, ka ce ka ji.

Kana iya tambayata dalili. Na ce a raina camfin tsofaffi ne, ni da na yi karatu, ƙasa ba ta gumi. Wannan rabin gaskiya ne. Sauran rabin shi ne na so jagororin su guje ka, na so ka ga ba ka iya komai ba, kuma na san in ta taka Matmata kwana biyu ba za ta dawo bene na uku ba. Ban so gidan ya rushe ba. Amma ban damu in tambayi kowa ko zai rushe ba.

Ranar Juma'a na faɗa mata, bayan ta idar da sallar la'asar. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Wane ɗaki ya fara?" Na ce rumbu. Ta gyaɗa kai. "An rasa rai?" Na ce a'a. Ta ce alhamdu lillahi. Sannan ta ce, "Sau uku na aika masa. Sau uku, Naziha. Ya ce ya ji." Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai ta ce, "Daga yau kada a ƙara kiran sunansa a gabana." Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta ta ce, "Ke kaɗai kika rage min." Na bar kaina a wurin.

Ƙullin kayanta da ta ajiye a bayan ƙofa tun Agusta, jiya ta kwance shi ta jera a kabad da kanta. Abin da na nema ke nan tun farko, na samu, kuma ban iya kallonsa.

Ko Tijani bai sani ba. Kai ne na farko. Na yi niyyar faɗa mata gaskiya Juma'a mai zuwa ta sama, ina so ka sani kafin nan. Ban ce ka yafe min ba, ban da bakin da zan ce haka.

Yayarka,
Naziha


Matmata, 3 ga Disamba

Naziha,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardun uku. Duk abin da ta ce a yi, aikin kwana biyu ne da guduma da jaki. Na kai wa Sasi ya ji, ya ce haka ne, ba ta bar komai ba.

Kada ki faɗa mata. A gidanki take, daga hannunki take ci, ke kike sa mata magani a ido. Ba ta da ɗakin da za ta koma. In ta tsane ki, ina za ta sa kanta? Ni ta riga ta cire ni, ki bar shi a haka. Ni na sa simintin, ni na hau da motoci, ba ƙarya za ki riƙe gaba ɗaya ba. In ta sake tambaya ki ce takardun sun iso, na karanta, na ajiye. Yanzu ma gaskiya ne.

Ba don ke na yi ba. Ki riƙe ta da kyau, ki bar ta ta kwana a ƙasa in ta so. Kada ki sake rubuto min sai ranar da ake bukatar kafaɗata a makara.

Ban ce ki gaishe ta ba, tunda ta hana a kira sunana.

Munji